Littafin gyaran bandakin gidanmu na Bahra

Laraba, 8 ga Janairu, 2025

Yau kwana uku ke nan bandakin Inna ba ya tafiya da ruwa. Idan aka danna saifun, wato tankin da ke sakin ruwan kora, ruwan sai ya taso har kusa da baki, ya tsaya yana juyi, sannan ya sauka a hankali kamar ana jan sa da igiya. Na buɗe wannan littafi ne don in riƙa rubuta abin da aka yi da abin da aka kashe, saboda gidan na haya ne, kuma ranar da zan zauna da mai gida ba na so in yi masa lissafi da ka.

Gidan ƙasa ne, irin wanda ake ce wa sha'abi, a Bahra, kan tsohuwar hanyar Makka zuwa Jidda. Mun dawo nan a 2022 bayan an rushe unguwarmu ta Sabil a Jidda. Bandaki biyu gare mu: na tsugunno a tsakar gida, da na zama, wato afaranji, a ɗakin Inna saboda ciwon gwiwarta. Layinmu ba ya kan babban bututun gari. Duk ruwan gidan bayara yake tafiya, ramin da mutanenmu a Najeriya ke kira sokawe, tana nan daf da ƙofar gida daga ciki.

Zargina ya tafi kan ruwan saman da aka tafka ranar Litinin, ina ganin shi ya cika ramin. Na sayo robar tura toshiya mai sanda, riyal 15. Na bari ruwa ya rufe kan robar, na toshe safayar ƙasa, wato kafar da ruwan daɓe ke bi ya fita, da tsumma, na yi ta turawa har na gaji. Ya ɗan saki.

Alhamis, 9 ga Janairu

Ya koma yadda yake. Maman yara ta ce duk lokacin da aka danna na ɗakin Inna, safayar bandakin tsakar gida sai ta yi ƙulu-ƙulu kamar ana busa ruwa da tsinke. Na je na saurara, haka ne.

Juma'a, 10 ga Janairu

Yau na yi kuskuren da nake so in rubuta shi dalla-dalla, don kada wani a gidan nan ya sake shi.

Bayan la'asar na je shagon kayan famfo na sayo susta ta hannu, wayar nan mai lanƙwasa da ake murzawa cikin bututu, riyal 35. Mai shagon ya ce in haɗa da asid, kwalba biyu riyal 24, wai yana cinye komai. Sustar mita biyar ce, ta shige duka ba ta ci karo da komai ba. Sai na juye kwalba ɗaya. Ban san cewa da safe babbar 'yata ta wanke bandakin da sinadarin farar da kaya na Clorox ba, ta kuma bar sauran a cikin ruwan da ya ƙi sauka. Kafin in ajiye kwalbar wani tururi ya taso, idona ya kama yaji, maƙogwarona ya shaƙe, na fito ina tari. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne Inna tana kwance a ɗakin, ƙofa ɗaya ce tsakaninta da bandakin. Ni da babban ɗana muka ɗauko ta da kujerarta zuwa gindin darbejiya, muka buɗe tagogi, muka kunna fanka ta fuskanci waje. Ta fi awa biyu a tsakar gida da bargo a jikinta, ga sanyin Janairu.

Asid idan ya haɗu da sinadarin farar da kaya, iskar kulorin yake bayarwa, guba ce ta gaske. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Kuma bayan duk wannan ruwan bai motsa ba, sai ma ya zama ga kwano cike da asid wanda ba mai iya sa hannu a ciki. Kwalba ta biyu na kulle ta a akwatin kayan aiki, zan mayar.

Inna ba ta yi min faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Ɗan nan, nemo mai sana'ar."

Jimla zuwa yau: riyal 74.

Litinin, 13 ga Janairu

Na kira wani sabbak, wato mai gyaran famfo, da na ga lambarsa a jikin bango. Na gaya masa maganar asid tun kafin ya taɓa komai, ya sa safar hannu, ya sa aka yi ta bin kwanon da ruwa. Ya zo da susta mai inji. Cikin minti ashirin ya jawo wani dunƙule baƙi wanda ya kai girman ƙwallon yara, da aka warware shi sai ga tsummokin goge jarirai masu laima, sun nannaɗe da gashi. Ruwa ya wuce fuu. Riyal 150. Na tambaye shi game da ƙarar safaya, ya ce ba komai ba ne, ya tafi.

Da dare na cika kwalabe biyu da ruwa, na sa takardar bayan gida a ɗaya, tsumman jarirai a ɗaya, na girgiza su a gaban yara. Takardar ta narke ta zama kamar kunu. Tsumman ko gezau. Ban nemi sanin wa ke jefawa ba, jaririnmu wata bakwai gare shi kuma kowa a gidan yana taya rainonsa. An sa kwandon shara mai murfi a kowane bandaki.

Jimla: 224.

Talata zuwa Alhamis, 14–16 ga Janairu

Lafiya ƙalau. Tsumman da ke cikin kwalba har yau yana nan yadda yake.

Juma'a, 17 ga Janairu

Tsugune ba ta ƙare ba. Da hantsi ana wanki, ruwan injin wanki ya fito ta safayar tsakar gida, baƙi, da wari. Ya malala har wurin da Inna ke alwala. Maman yara ta wanke wurin sau uku, aka ɗauke tabarmi da dardumar salla aka wanke su duka, don najasa ce ba wasa ba. Na kira mai wayit, wato motar tanki mai zuƙe ruwan masai, ya zo gobe ya kwashe bayara.

Asabar, 18 ga Janairu

Wayit ta zo da ƙarfe tara. Da direban ya ɗaga murfin, ya haska, sai ya ce min ramin bai cika ba. Na leƙa daga nesa: ruwan yana ƙasa da bakin bututun da kusan kamu ɗaya. Da na ɗaga murfin nan da kaina jiya, da na san ba daga nan matsalar take ba. Amma mota ta riga ta zo, na ce ya kwashe. Riyal 180.

Wani abu na amfana da shi. Ramin yana buɗe na sa aka juye bokiti guda a bandakin Inna, na tsaya ina kallon bakin bututun. Shiru. Sai can ruwa ya fara ɗiga siriri kamar na buta. Bokiti guda ya shiga, abin da ya fito bai kai rabi ba.

Ganin motar ya tuna min da zamanmu na Jidda. Muna yara, motocin nan jerin gwano suke yi zuwa gabashin gari su juye a wani tafki da mutane suka laƙaba wa Buhairar Miski. Lokacin ambaliyar Nuwamba 2009 kowa tsoronsa kada madatsar tafkin ta ɓalle a kan gari, sai a 2010 aka ƙafar da shi. Wanda ya tashi a gidan da ke da bayara, ƙarar injin wayit ba baƙuwa ba ce a kunnensa. Abin da ban taɓa koya ba shi ne abin da ke tsakanin bandaki da ramin.

Jimla: 404.

Laraba, 22 ga Janairu

Ruwa na sauka da ƙyar. Wari ya ƙaru a ɗakin Inna, musamman da asuba. Ta daina cin abinci a ɗakin.

Juma'a, 24 ga Janairu

Bayan sallar Juma'a maƙwabcina ya haɗa ni da wani dattijo, Bahaushen Sudan, haifaffen Mai Wurno a bakin kogin Nilu Shuɗi, wanda ya shekara fiye da talatin yana aikin famfo tsakanin Makka da Jidda. Kowa Mu'allim yake ce masa, ni kuwa Kawu nake ce masa. Bai zo da inji ba. Guntun rodi ya riƙo, da tocila, da ƙullin bula ta wanki.

Da farko zama ya yi ya sa na ba shi labari tun daga ranar farko. Na karanta masa littafin nan. Da na zo kan ƙarar safaya ta ranar 9, ya ɗaga hannu.

"Tsaya nan, ɗana. Ruwa ba ya tsami banza. In kwano ɗaya ne ya toshe, shi kaɗai zai yi ciwo. In ka danna wannan wancan ya amsa, to ciwon yana gaba, inda suka haɗu."

Ya jiƙa bula a bokiti mai lita 10, ya sa ɗana ya juye a bandakin Inna lokaci guda, shi yana bakin bayara da agogo. Shuɗin bai bayyana ba sai bayan minti huɗu. Ya ce a tazarar nan bai kamata ya wuce 'yan daƙiƙoƙi ba. Sannan ya bi tsakar gida yana ƙwanƙwasa siminti da rodin, taku bayan taku, kunnensa a ƙasa. Bayan bangon bandaki sautin ya canza, ya zama kamar na ganga. Ya zana da alli, ya ce a nan gurfar taftish take, ƙaramin ɗakin dubawa inda bututai ke haɗuwa. Wani ya shafe ta da siminti tun kafin mu shigo gidan. Shekara kusan uku muna taka ta.

Muka fasa. A cike take har wuya, a samanta wani ɓawon maiƙo fari mai kauri kamar sabulun salo da ya daskare. Bututu uku ke shigowa: na Inna, na tsakar gida, da na kicin. Ɗaya ke fita zuwa bayara, kuma yana nutse a ƙarƙashin ruwa. Gani ya kori ji.

A nan ne ɗana ya durƙusa ya sa kansa cikin bakin bayara don ya ga ko shuɗin na ci gaba da fitowa. Kawu ya fizgo shi ta wuyan riga da ƙarfin da ban zaci yana da shi ba. Ya ce iskar da ke cikin ramin, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, a ƙasa take kwanciya, kuma idan ta yi yawa hanci yakan daina jin ta. "Ranar da ka ji warin ya ɓace a bakin rami, ranar ce za ka gudu." Ya ce ba a shiga, ba a sa kai, ba a kunna ashana ko taba a kusa, domin akwai wata iskar a ciki mai kamawa da wuta. Wanda ya faɗa kuma ba a bin sa ciki, jami'an kashe gobara ake kira. Na sa ɗana ya maimaita a gabana.

Ya ƙi karɓar kuɗin dubawa. Da ƙyar ya karɓi 50 na mota. Jimla: 454.

Asabar, 25 ga Janairu

Kawu ya dawo don maganar wari, ya ce wannan daban ne da toshiya. A ƙarƙashin kowane kwano da kowace safaya akwai lanƙwasa da ke riƙe ruwa kamar santimita 5, wannan ɗan ruwan shi ne ƙofar da ke hana iskar rami shigowa ɗaki. Idan bututu ba shi da wurin shaƙar iska, ruwan da ke wucewa sai ya tsotse na cikin lanƙwasar, ƙofa ta zauna a buɗe. Muka hau rufi neman hawaya, bututun numfashi. Mun same ta an yanke ta daidai da daɓe, an kifa mata gwangwanin tumatir, an naɗe da leda da waya. Ina jin don kyankyasai aka yi haka. Muka ƙara mata tsawo ta wuce katangar rufi, aka sa hula mai raga. Kaya riyal 45.

Sai awo. Da siririn tiyo mai nuna ciki, cike da ruwa, ya gwada tsayin bakin bututu a gurfa da bakinsa a bayara. Tazarar mita 9 ce. Bututu mai inci 4 yana son gangara kamar santimita 2 a kowace mita, wato 18 ke nan gaba ɗaya. Namu 7 kacal ya samu. Da ya tura sanda mai tsumma ta ciki kuma, tsakiyar ta fito jiƙe sharkaf, alamar bututun ya yi ciki, ruwa na kwana a wurin. Ya ce ko susta ɗari za a kawo, hanya za ta buɗe ta kwana huɗu ta rufe. Sai an tona.

Jimla: 499.

Lahadi, 26 ga Janairu

Warin ɗakin Inna ya ragu sosai. Ta ci tuwon dare a ɗakinta.

Talata, 28 ga Janairu

Na je wurin mai gida bayan isha da littafin da hotunan gurfa a waya. Dattijo ne mai sauƙin kai, amma da farko ya ce toshiya ta mai zama ce, ba ta mai gini ba. Na ce, "Ya ammi, tsummoki namu ne, na biya kuɗinsu ban kawo maka ba. Gangarar bututu kuwa ba mu muka sa ta ba." Ya daɗe yana kallon hoton. Muka tsaya a kan zan yi aikin, ya cire riyal 1,500 daga hayar da ke tafe. Na so ya fi haka, amma na karɓa. Mun rubuta, kowa ya sa hannu.

Alhamis, 30 ga Janairu

Sayayya. Bututu mai kauri, inci 4, guda biyu masu mita 6, riyal 170. Gwiwoyi da mahaɗi da gam, 70. Yashi 120. Siminti buhu huɗu 64. Bulo 100. Murfin ƙarfe na gurfa 90. Duka 614. Akwai bututu mai araha da kusan rabin kuɗin, Kawu ya matsa shi da hannu ya lotsa, ya mayar. Jimla: 1,113.

An shirya yadda za a yi kwana biyu ba bandaki. Mata da yara gidan maƙwabta, mu maza masallaci. Inna an aro mata kujera mai fo. Wannan ne ya fi yi mata nauyi a duk aikin, na gani a fuskarta, ko da yake ba ta ce komai ba.

Juma'a, 31 ga Janairu

Leburori biyu sun fara da sassafe, aka tsaya don Juma'a, aka ci gaba. Wajen ƙarfe huɗu diga ta sami bututun ruwan sha da ke tahowa daga tanki, wanda ba wanda ya san ta nan ya bi. Ruwa ya yi tsiri, kafin in kai ga makunnin, ramin ya zama tabo. Shagunan kusa ba su da mahaɗin da ya dace, sai da na shiga mota na nemo, riyal 40. Magariba ta yi ba a gama ba, muka kwana da jarkoki daga maƙwabta. Rabin yini ya tafi a banza, kuma kwana biyun da na yi wa Inna alkawari sun zama uku.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Yau muka ga tsohon bututun da idonmu. Zurfinsa bai wuce taƙi ɗaya da rabi daga daɓe ba, an shimfiɗa shi kan ɓaraguzan bulo ba yashi, kuma marar kauri ne irin wanda Kawu ya ƙi saya. A tsakiya, daidai inda ake ajiye mota idan an shigo da ita, ya baje ya zama kamar ƙwai, ya nutsa ƙasa. Mahaɗinsa ba gam: da wuta aka gasa bakin ɗaya aka cusa ɗayan, har baƙin hayaƙin yana nan.

Ta wannan mahaɗin saiwar darbejiya ta shiga. Daga waje siririya ce, ba ta kai kaurin tsinken tsintsiya ba. Da Kawu ya yanka bututun da zarto ya buɗe shi biyu, sai ga ta a ciki ta yi reshe dubu, ta saƙu kamar soson wanka, tsawonta ya kai kamu biyu, ja-ja-ja, tana riƙe da maiƙo da gashi da ragowar tsumma. A tsakiyarta akwai rami zagayayye mai faɗin babban yatsa, sawun sustar ranar 13 ke nan. Ta wannan 'yar ƙofa ruwan mutum tara yake wucewa.

Leburorin suka ce a sare bishiyar. Inna tana jin su daga ƙofar ɗaki, ta ce, "Ita ce inuwata." Kawu ya ce ba laifin bishiya ba ne, saiwa ba ta fasa bututu mai lafiya, ɗigon ruwa take bi. In mahaɗi ya kamu da gam ba ta da abin nema. An datse saiwoyin da ke cikin ramin kawai. Ni ma ra'ayina ke nan. A zafin Bahra ba a sare inuwa saboda aikin da wani ya yi da ganganci.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Na ɗauki hutu a wurin aiki. An zurfafa ramin, an shimfiɗa yashi santimita 10, an ja zare daga gurfa zuwa bayara. Don a sami santimita 18 ɗin, sai da aka huda sabuwar ƙofa a bangon bayara ƙasa da tsohuwar da santimita 11, daga waje aka yi hujin, ba wanda ya shiga. Wannan ya rage wa ramin ɗan abin da yake ɗauka, amma ba makawa. Na tambayi Kawu me zai hana a ƙara gangarar sosai a huta. Ya ce a koyarwar da ya samu, in ta yi tsanani ruwa kan gudu ya bar kaya a baya, matsakaiciya ake so.

Kafin a rufe ya toshe ƙarshen bututun, ya cika shi da ruwa har gurfa, ya yi alama, muka zauna shan shayi awa guda. Ruwan ya sauka da yatsa biyu. Raina ya ɓaci, don na ƙosa a rufe. Ya bi mahaɗan da busasshen hannu ɗaya bayan ɗaya, duk lafiya, ashe inda bututu ya shiga bangon gurfa ne ke tsatsa, siminti ba ya kama jikin roba mai santsi. Ya fasa wurin, ya shafa gam a jikin bututun ya barbaɗa yashi ya bushe, sannan ya sake ɗaurawa da siminti. Ya kuma gyara ƙasan gurfar ya yi mata kwari mai santsi yadda ruwa zai bi ba tare da ya tsaya a kusurwa ba. Sai gobe za a sake gwaji. Kwana na uku ya zama na huɗu.

Leburori biyu, 600. Jimla da mahaɗin ranar Juma'a: 1,753.

Litinin, 3 ga Fabrairu

Awa guda, ruwa bai motsa daga alama ba. Aka cire toshiya, aka juye bokitin bula: shuɗi ya faɗa bayara kafin in ƙirga goma sha biyu. Alhamdu lillahi. An rufe da yashi, an daddaɓe, ni da ɗana muka yi cikon. Inna ta koma bandakinta da la'asar. Ladan Kawu 500. Jimla: 2,253.

Laraba, 5 ga Fabrairu

An zuba simintin daɓe. Mota ba za ta ƙara shigowa tsakar gida ba.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Saura ƙananan abubuwa biyu a bandakin Inna, waɗanda babbar matsalar ta ɓoye. Na farko, ko da hanya ta buɗe, ruwan saifun ba shi da ƙarfi. Na sa madubi a ƙarƙashin leɓen kwanon, sai na ga ƙananan ramukan da ruwa ke fitowa rabinsu sun toshe da farin gishirin ruwa. Na rufe famfo, na zuba khal, ruwan tsamin nan na girki, ta bututun cikin tankin, ya kwana, da safe na bi ramukan da guntun waya. Na kuma ɗaga abin da ke yawo a tankin don ruwa ya kai alamar da masana'anta suka yi, da yana tsayawa ƙasa da ita. Yanzu dannawa ɗaya ta isa.

Na biyu, laima a gindin kwanon. Turawar da na yi ta yi da roba, da jijjigar inji, sun sassauta robar da ke tsakanin kwano da bututu. Kawu ya ɗaga kwanon ya sa sabuwa. Tun da an ɗaga, ɗana ya kawo shawarar a juya shi ya kalli ƙofa don sandar tafiyar Inna ta sami wuri. Inna ta ce a'a, ƙofar gabas take kallo, Makka kuma gabas take da mu, ba za ta fuskanci alƙibla a wannan hali ba. An mayar da shi yadda yake, yana kallon arewa, aka kafa mata ƙarfen dafawa a bango.

Roba da silikon 35, khal 10, ƙarfe 60. Jimla: 2,358.

9–14 ga Fabrairu

Ba ƙara, ba wari. Kicin ya daina zuba man suya da ruwan kabsa a wurin wanke-wanke, ana tara su a gwangwani a kai shara.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Sabon abu ya fito. Na yi wa wata doguwar gora alamu, ina auna bayara da ita ina tsaye, fuskata a gefe. Daga ranar 3 zuwa yau ruwan ya hau fiye da yadda na saba gani a wata guda. Na kira Kawu a waya. Ya ce bai yi mamaki ba: da wani kaso na ruwan gidan a ƙarƙashin tsakar gida yake tsiyayewa, bishiya na sha, yanzu kuwa duka yana isa ramin. Ga kuma maiƙon shekaru da ya shafe bangon ramin, ƙasa ba ta tsotsa kamar da. Shawararsa biyu ce: a sa tarkon maiƙo a bakin bututun kicin, a kuma raba ruwan injin wanki da na wanka daga na masai, a yi musu ƙaramin rami nasu. Na biyun sai da izinin mai gida, kuma sai an tambayi baladiyya, wato hukumar gari, abin da doka ta yarda da shi kafin a haƙa komai.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Yau hutun Ranar Kafuwar Saudiyya ne, na samu na buɗe gurfa na duba. Ƙasanta a bushe, kwarin tsaf, sai ɗan farin maiƙo a bakin bututun kicin, na kankare shi da cokali. Mako uku kacal ke nan, don haka tarkon maiƙo ba abin jira ba ne. Kawu ya ce kaya da aiki za su kai 300, zai zo ranar Talata.

Ana sa ran azumi 1 ga Maris in an ga wata, kuma ƙanwar Inna da 'ya'yanta biyu za su sauka a wurinmu daga Kano don Umra a goman tsakiya. Mutum tara za su zama goma sha biyu, ga girkin buɗa-baki kullum. Gora ta nuna saura kamu ɗaya da rabi ruwa ya kai bakin sabon bututu. Na yi magana da mai wayit ya zo ranar Alhamis, 27 ga wata, a kan 180 ɗin da ya karɓa wancan karon. In an haɗa da tarko jimla za ta kai 2,838, a cire 1,500 na mai gida, nawa 1,338.

Maganar rami na biyu sai bayan Salla. Darbejiya ta fara zubar da ganye ta gefen da aka datse mata saiwa. Inna ta sa a riƙa juye mata ruwan alwalarta a gindinta safe da yamma.